Amfilifaya marar nauyi don jitar bes: wacce ce za ta jure wuta da ƙurar Zariya?

Duk wanda ke kaɗa jitar bes a Zariya ya san a cikin ƙungiya kayansa ne suka fi na kowa nauyi. Mai ƙaramar jita ya rataya tasa a kafaɗa ya haye acaɓa, mai kibod ya rungumi nasa, shi kuwa mai bes sai ya nemi wanda zai kama masa akwatin sifika a kai cikin keke, sannan a dawo a ɗauki amfilifaya. In gidanka na Samaru, atisaye a Sabon Gari, wasa kuma ranar Asabar a zauren biki a GRA ko ranar Lahadi a coci a Wusasa, to maganar kilo ba ƙaramar magana ba ce. Ampeg SVT da ta fito a 1969, wadda har gobe ake auna sautin bes da ita, wat 300 ce amma nauyinta wajen kilo 40. QSC RMX 2450, irin wadda masu hayar kayan sauti ke jerawa a rak, wato akwatin da ake ɗaure na'urori a ciki, kilo 20 ce. Yau kuwa akwai waɗanda suka fi SVT ƙarfi nesa ba kusa ba, nauyinsu bai kai kilo 4 ba.

Da wanda ya riga ya mallaki firi-amf, wato na'urar da ke gyara sautin jita kafin a ƙara masa ƙarfi, nake magana, ko fedal ne irin SansAmp Bass Driver DI na kamfanin Tech 21, ko na rak, kuma yana da akwatin sifikarsa, abin da ya rage masa kawai shi ne na'urar da za ta tura sautin. Ra'ayina kuma tun daga farko shi ne: lambar wat da aka rubuta ɓaro-ɓaro a fuskar amfilifaya ita ce abu na ƙarshe da ya kamata ka duba. Sifikarka, firi-amf ɗinka da irin wutar da za ka jona su ne za su yi maka zaɓin.

In ka taɓa tsayawa a shagon mai gyara an kwance murfin tsohuwar amfilifaya, abin da idonka zai fara faɗawa a kai shi ne taransifoma, wani dunƙulen ƙarfe da aka nannaɗe da wayar tagulla, zagayayye kamar gammo, a girke a tsakiya. Gefe kuma ga dogayen haƙarƙarin alminiyam masu zuƙe zafi daga jikin taransistoci. Waɗannan biyun su ne nauyin. Taransifomar tana da girma ne saboda tana aiki da wutar gida mai juyi 50 a daƙiƙa. Sababbin na'urori suna fara mayar da wutar ta riƙa juyi dubbai a daƙiƙa, sai 'yar ƙaramar taransifoma ta wadatar. Na biyu kuma, tsoffin 'yan Ajin AB ne a tsarin aikinsu, kusan rabin wutar da suka ja zafi take zama. Sababbin, 'yan Ajin D, taransistocinsu kunnawa da kashewa kawai suke yi cikin sauri, wutar da ke zama sauti tana iya kaiwa kashi 90 cikin 100, don haka ba sa buƙatar tulin alminiyam. Ba wata dabara aka yi ta rage inganci ba, hanyar aikin ce ta canza.

Na san akwai manyanmu a wannan harka da ke cewa Ajin D ba shi da nama, bes ɗinsa ba ya dukan ƙirji. Ba na watsi da maganarsu, domin kunnen da ya shekara talatin a bakin sifika ba ya ƙarya. Abin da na lura da shi dai, bambancin yana fitowa ne idan an kai na'ura maƙura. Tsohuwa mai katuwar taransifoma in ka matsa mata takan ɗan lanƙwasa ta ci gaba, ita kuwa marar nauyi tana da mai tsaron da ke danne sautin ko ya kashe ta gaba ɗaya. Maganin shi ne ka sayi wadda ta fi buƙatarka da kaɗan, yadda ba za ka riƙa ganin jar fitila tana ƙyaftawa duk lokacin da ka bugi tsirkiyar ƙasa ba. Matuƙar ba a ƙure su ba, launin sautinka daga yatsunka, firi-amf da akwati yake fitowa.

To juya akwatin sifikarka ka duba bayansa. Om 8 aka rubuta ko om 4, wato ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wuta? In kafinta ne ya haɗa maka shi, aka saka sifika mai inci 15 babu wata takarda, ka ari mitar mai gyara ka auna: mai om 8 zai nuna tsakanin 5 da 7, mai om 4 kuma wajen 3. Wannan lambar ce ke faɗa maka wat nawa za ka samu a zahiri, domin amfilifaya ɗaya tana ba da ƙarfi daban a kowane om. Akwati biyu masu om 8 in aka jona su tare sun zama om 4. Biyu masu om 4 sun zama om 2, kuma ba kowace na'ura ce ke ɗaukar om 2 ba. Sannan ga birij, wato a haɗe ɓangarori biyu da amfilifaya ɗaya ke da su su zama ɗaya. A nan kowane ɓangare yana jin rabin om ɗin akwatin ne, ma'ana akwati mai om 4 a birij tamkar om 2 ne a wajenta. Na'urar da ba a gina ta don om 2 ba kada ka yi mata haka.

Wani abin da mai sayarwa ba zai gaya maka ba: ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, wanda kunne zai ji ɗan ƙari ne, ba ninki ba. Kafin kunne ya ce sauti ya ninka sai wat ya ninka kusan sau goma. Saboda haka tazarar da ke tsakanin wat 500 da wat 700 ba ta kai a ci bashi a kanta ba. In bes ɗinka yana nutsewa ƙarƙashin ganguna, ƙarin akwati na biyu zai fi yi maka aiki.

Crown XLS 1502 ita ce wadda zan fara nuna wa mai bes da ke yawo da kayansa. Kamfanin na Elkhart ne a jihar Indiyana ta Amurka, yana ƙarƙashin Harman, wanda Samsung ya saya a 2017. Nauyinta kilo 3.9. Kowane ɓangare yana ba da wat 300 a om 8, wat 525 a om 4, wat 775 a om 2. A birij tana kai wat 1050 a om 8 da 1550 a om 4. Ga yadda wannan ke aiki a ƙasa: in akwatinka ɗaya ne mai om 4, ka jona ɓangare ɗaya ka bar ɗayan, babu abin da zai same ta, ga wat 525 sun ishe ka kowane zauren biki. In akwati biyu ne masu om 8, misali mai sifika huɗu 'yan inci 10 a sama da mai inci 15 a ƙasa, akwai saitin da ke raba sauti ɗaya zuwa ɓangarorin biyu, kowane akwati ya samu wat 300 da maɓallin ƙararsa daban. Birij kuwa ka yi hattara, wat 1050 a kan akwatin da aka yi shi don wat 400 hanyar ƙona sifika ce. Ƙanwarta XLS 1002 nauyinsu ɗaya amma wat 350 take bayarwa a om 4 da 215 a om 8, wanda a ganina ya yi kaɗan in mai ganga yana da hannu. Yayarsu XLS 2502 kilo 4.9 ce, wat 775 a om 4, ta dace da wanda ke wasa a fili. Fankarta ba ta damun mutane, sai ta ji zafi take ƙara gudu.

Abin da ya sa na fifita XLS 1502 ba wat ba ne, wani ɗan saiti ne da ke ɓoye a cikin allonta. Kowace amfilifaya tana da yawan siginar da take buƙata kafin ta saki dukkan ƙarfinta. Yawancinsu an gina su ne don mikisa, wadda ke turo sigina mai kauri, suna jiran bolt 1.2 zuwa 1.4. Fedal ɗin bes da yawa ba sa kai nan. Sai ka ga mutum ya sayi na'ura mai wat dubu, ya murɗa komai har ƙarshe, sautin yana nan sanyi-sanyi, ya ce an cuce shi, alhali na'urar lafiyarta lau, abinci ne bai ishe ta ba. XLS 1002, 1502 da 2502 suna ba ka zaɓi tsakanin bolt 1.4 da 0.775. Ka sa 0.775, fedal ɗinka ya cika ta. Waɗanda suka gabace su, XLS 1000 da 1500, ba su da wannan zaɓi, a 1.4 suke tsaye. In gwanjo za ka saya ka lura da lambar ƙarshe.

Behringer NX3000 ita ce ta mai ƙaramin aljihu, kuma ba na raina ta. Uli Behringer ya kafa kamfanin a Jamus a 1989, ana ƙera kayansa a Zhongshan ta ƙasar Sin, kuma ya sa kayan sauti sun shiga hannun waɗanda da sai dai kallo. Nauyinta wajen kilo 3.5. A takarda an ce wat 900 a om 4, wat 1500 a om 2, wat 3000 a birij. Waɗannan lambobi na ƙololuwar ɗan lokaci ne, ba ƙarfin da take riƙewa ba, don haka kada ka ajiye 900 ɗinta kusa da 525 na Crown ka ce ta kusa ninka ta. Ka ɗauke su a matsayin sa'o'in juna, ba za ka yi nadama ba. Aibinta biyu. Fankarta tana da ƙara, a filin biki ba wanda zai ji, amma a situdiyo ko lokacin da coci ta yi tsit ana addu'a za a ji ta. Sannan wadda ba ta da harafin D a ƙarshen sunanta ba ta da matacin da ke yanke sautin can ƙasa, wanda mai bes ke buƙata. In za ka saya, ka ƙara kuɗi ka ɗauki NX3000D. NX6000 kuwa ba ta sauka om 2, kuma ƙarfinta ya wuce abin da akwatin bes ke so.

Matacin nan ya cancanci a tsaya a kansa. Tsirkiya mafi kauri a bes mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, a mai biyar kuwa sau 31. Ƙasa da haka babu kiɗa, sai gurnanin hannu da bugun tsirkiya, amma amfilifaya ba ta sani ba, tura shi take yi. Ka tsaya gefen akwati mai rami ka kalli fatar sifikar lokacin da mai bes ya doki tsirkiya da babban yatsa, za ka ga tana tsalle waje da ciki kamar za ta fita, alhali sautin bai ƙaru ba. Wat ne ke tafiya a banza, sifika kuma tana tsufa. Mataci da aka saita tsakanin 30 da 40 yana yanke wannan sharar, sautin ya ɗaure, na'urar ta huta. Crown XLS 1502 tana da shi, NX3000D tana da shi, Yamaha ma haka.

Yamaha PX5 ta fi su nauyi, kilo 6.9, wat 500 a om 8 da 800 a om 4. Wannan wat 500 a om 8 abin dubawa ne ga mai akwati ɗaya mai om 8, domin ba sai ya yi birij ba. Inda ta yi zarra shi ne wurin da hannu ya yi yawa. Kana iya gaya mata om da wat ɗin sifikarka ta riƙa tsare ta da kanta, sannan ka kulle allon da lambar sirri. Coci ko ƙungiyar ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello, inda yau wannan ne ke kaɗawa gobe wancan, kuma kowa ya zo sai ya murɗa, wannan kullen kaɗai zai iya ceton sifika. Kuɗinta dai ya fi, kuma ga wanda ke hawa acaɓa da kaya ƙarin kilo 3 ba wasa ba ne.

QSC GX5 na'ura ce mai aminci, wat 500 a om 8, amma ta doshi kilo 12, ba ta birij, ba ta om 2, ba ta cikin marasa nauyi. In ka ci karo da PLX1804 ta gwanjo mai lafiya, kilo 6 ce, ka tsaya ka duba ta. Peavey IPR2 3000 ba ta kai kilo 4 ba kuma tana ɗaukar om 2, sunan Peavey ma tsohon sani ne a ƙasar nan.

Duk abin da na faɗa a sama mai bes na Landan ma zai iya amfani da shi. Abin da ya keɓanta da mu shi ne wuta. Wutarmu bolt 230 ce a ƙa'ida, ta Amurka 120. Kayan gwanjo da yawa daga Amurka suke zuwa, kuma waɗannan na'urori galibi ana ƙera su ne kowace ƙasa da tata, ba irin cajar kwamfuta ba ce mai karɓar kowace wuta. Kafin ka tambayi farashi, juya ta ka karanta 'yar takardar da ke kusa da ramin wayar wuta. In 120V ka gani, jona ta sau ɗaya ya isa ya kashe ta. Za a ce maka ai akwai taransifomar rage wuta. Akwai, amma wadda za ta ɗauki wannan aiki ita kaɗai ta fi amfilifayar nauyi, ka ga an koma gidan jiya, ga kuma ranar da wani yaro zai manta ya jona kai tsaye.

Ko ta 230 ce, tana buƙatar kariya. Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da aka maido da wuta da kuma sa'ad da ake sauyawa zuwa janareto. Ka kashe amfilifaya kafin a sauya, ka bar injin ya daidaita, ita ce ta ƙarshe a kunnawa kuma ta farko a kashewa. Sitabilaiza mai maɓallin jinkiri tana taimakawa, amma ka sayi mai girma, wajen VA 2000 zuwa sama, don ƙarama shaƙe bes take yi daidai lokacin da yake neman wuta. Ƙaramin janareton nan mai shan fetur gauraye da baƙin mai bai kai wat 1000 ba kuma wutarsa rawa take yi, ka nemi wanda ke da na'urar daidaita wuta a jikinsa, kuma kada ka yarda a haɗa ka layi ɗaya da firiza. A nan Ajin D yana da riba ɗaya babba: tunda ba ya ɓarnar wuta, injin da tsohuwar amfilifaya za ta durƙusar da shi zai ɗauki sabuwa hankali kwance.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika komai da gari, fanka kuma aikinta ke nan ta zuƙo iska ta ratsa cikin na'ura. Ƙurar ta kwanta a kan allon da kayan cikinta ke manne, sai zafin Maris da Afrilu ya zo ya tarar da ita a toshe, ka ga tana mutuwa tsakiyar waƙa ta dawo bayan minti biyu. Mutane su ce ta lalace, alhali numfashi take nema. Da zarar hunturu ya wuce ka kai a buɗe a hure ta da bulowa. Kada ka girke ta a ƙasa a filin biki, kada ka jingina bayanta da bango, in ba a aiki ka rufe ta.

Akwai hujja ɗaya mai ƙarfi da tsoffin ƙarafan nan suke da ita, kuma dole a faɗe ta. In amfilifayar Ajin AB ta ƙone, mai gyara a Sabon Gari zai buɗe, ya auna, ya cire taransistocin da suka mutu, sau da yawa irin su 2SC5200 da 2SA1943 ne, ya sa wasu, gobe ka dawo aiki. Ita kuwa marar nauyi kayan cikinta ƙanana ne ƙwarai, manne a fuskar allo. Crown ma ta tattara aikin sassa fiye da 500 ne a cikin guntu ɗaya da suka ƙera tare da Texas Instruments, wanda ba za ka same shi a tiren mai sayar da kayan rediyo ba. Gyaranta yakan zama sauya allo sukutum, a jira saƙo daga Legas. Don haka in amfilifayarku a wuri ɗaya take zaune, ba a fita da ita daga coci ko zaure, kuma tana aiki, ku bar ta. Nauyin da ba wanda ke ɗauka ba matsala ba ne. Wanda ke loda kaya a keke sau biyu ko uku a mako shi ne ya cancanci ya ɗauki kasadar gyara don ya ceci bayansa.

Wanda kuma bai riga ya sayi firi-amf ba, ya tsaya ya yi lissafi kafin ya shiga wannan hanya. Akwai amfilifayar bes da ta haɗa duka biyun a jiki ɗaya: Markbass Little Mark III ta Italiya wat 500 ce a om 4, kilo 2.9, Aguilar Tone Hammer 500 kuma ba ta kai kilo 2 ba, tana shiga jakar goyo. Babu rak, babu maganar bolt 1.4. Abin da raba firi-amf da amfilifaya ke ba ka shi ne ɓangare biyu, wat mai yawa a kuɗi kaɗan, da na'urar da in babu wasan bes za ta tura sifikokin taro ta kawo maka kuɗin haya.

Ko daga kasuwar Alaba ta Legas za a aiko maka, ko Kano ko Kaduna za ka je, ka sani akwai jabu, kuma sunayen da suka yi fice su aka fi kwaikwaya. Araha ba ta ado. Crown da aka ce XLS 1502 ce amma ka ɗaga ka ji ta kai kilo 10, ba ita ba ce. Allonta ya kamata ya kunna, ka shiga ka ga zaɓin 0.775 da idonka. Ka tafi da jitarka da fedal ɗinka, in da hali har da akwatinka, da wayar sifika mai kan Speakon, irin wanda ake murɗawa ya kulle, kada a gwada maka da waƙar wayar salula. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, don Allah a bar ta a kunne na ɗan kaɗa, ba sauri nake ba." Ka riƙe tsirkiyar ƙasa da ƙarfi na tsawon minti goma sha biyar ko fiye, ɓangare na ɗaya sannan na biyu, kana kallon fitilun gaba, hannunka yana jin iskar da fanka ke fitarwa. Ka murɗa maɓallan a hankali ka saurari ko suna ƙarar yashi. In ta gwanjo ce ka duba kusoshin murfi, kan da ya gurje yana nufin an taɓa shiga cikinta, sai ka tambayi abin da aka gyara. Kafin ka biya kuma a rubuta maka lambar jikinta a kan rasit, tare da kwanakin da aka yarda ka dawo da ita in ta nuna matsala.